Ku Guji Baki Ranar Laraba

Kawuna mai gyaran fanka ne. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana wannan sana'a a wani ɗan shago da ke jikin gidansa, kuma da wani ya ce mini wata rana zai kafa addini, da na ce masa ya je a duba kansa. Amma wata Litinin yana kan tsani yana ɗaura fankar sama a wani ofis, wuta ta ja shi ta yar. Ya yi kusan minti goma a ƙasa ko motsi babu. Da ya farfaɗo, sai ya ce wata murya ta yi masa magana yana kwance, ta ce ba abin da ke halaka 'yan Adam kamar gaggawa, ya tashi ya gaya musu su sassauta.

Inna, matarsa, ta ce muryar mai ofishin ce, yana cewa a sassauta masa wuyan riga ya sha iska. Ba wanda ya saurare ta.

Kafin wata shida mutum arba'in da 'yan kai sun bi shi. Suka sa wa kansu suna Jama'ar Sassauci, shi kuma suna ce masa Jagora. A siton da ke bayan shagonsa ake taruwa, inda a da yake jibge matattun fankoki. Aka share, aka jera kujerun roba. Ibadar ba ta da wuya. Kullum da yamma za a zauna awa guda a gaban wata tsohuwar fanka ta tsaye da aka sa a lamba ɗaya, ba mai cewa uffan, daga ƙarshe Kawu ya faɗi magana ɗaya a watse. An hana gudu, an hana katse mai magana, an kuma hana riƙe waya, don Kawu ya ce ita ce uwar gaggawa.

Ni shagon buga takardu gare ni kusa da tashar bas. Na shiga ne don Kawu ya riƙe ni tun bayan rasuwar mahaifiyata, kuma in faɗi gaskiya zaman yana yi wa bayana daɗi. Da aka ce a tattara maganganun Jagora a yi ɗan littafi, sai aka naɗa ni Sakatariya. Kawu yakan rubuta maganarsa a guntun kwalin fanka, da rubutun nan nasa mai kama da tafiyar kaza a kan jiƙaƙƙen siminti, ni kuma in buga. Kwamfutata tsohuwa ce, ba ta san harafi mai ƙugiya ba. K ɗaya gare ta, da ita take rubuta kai, da ita take rubuta ƙafa. Ban taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba.

Littafin ya fito washegarin ranar da Kawu ya tafi wani gari wurin babbar 'yarsa. Za a cire masa sauran haƙoran da suka rage a sa masa na roba, an ce zai yi sati uku. A shafi na tara akwai magana ta hamsin da bakwai, wadda bai taɓa faɗa a zaman yamma ba, a kwali kawai ya ba ni. Ga yadda ta fito: Ku guji baki ranar Laraba.

Tsohon Hedimasta ne ya karanta ta a gaban jama'a, domin shi Kawu ya bar wa riƙo. Mutum ne mai gilashi a kan hanci, wanda in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya fara da tarihin agogo.

"Ma'anar a fili take," in ji shi. "Baki, wato wannan da nake magana da shi. Jagora yana umartar mu da yin shiru ranar Laraba daga fitowar rana zuwa faɗuwarta."

Ya yi minti arba'in yana bayanin amfanin shiru. Tunda an hana katse mai magana, sai da ya tsaya kurɓar ruwa sannan Tela ya samu ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, da gyara. Injin Sakatariya ba ya sa ƙugiya, kowa ya sani. Baƙi ake nufi, launi. Jagora ba ya son a sa baƙin kaya ranar Laraba."

Kowa ya san akwai wata makaranta da ta sa Tela ya sayo farin yadi dila biyu sannan ta fasa ɗinkin, yadin yana nan ya cika masa shago. Amma ba wanda ya ambata.

Daga can baya Direba ya ɗaga hannu. Direban bas ne, ƙato mai sanyin murya, Laraba ce ranar hutunsa. Yayyen matarsa uku sun san da haka, duk Laraba suna gidansa tun da hantsi, babbansu a kan kujerarsa riƙe da rimot.

"Ni na yarda da Tela akwai ƙugiya," ya ce. "Amma ba launi ba ne. Baƙi, masu zuwa gidan mutum. Da na ji maganar nan sai da tsigar jikina ta tashi. Kamar Jagora ya leƙa falona."

Sai duk suka juyo kaina. Na ce wallahi ban tuna ba. Ranar da na buga shafin akwai mutum huɗu a kaina suna jiran takardar neman aiki, abin da idona ya gani shi yatsuna suka danna. Hedimasta ya ce to a kawo kwalin asali.

Kwalin yana wurin Inna, don ita nake mayar wa in na gama. Muka same ta a kicin tana wanke tukunya. Ta ce mu duba ƙarƙashin firji, ƙafarsa ɗaya ta fi sauran gajarta, ta ninke wani abu ta tokare. Direba ya ɗaga firjin, na zaro kwalin. Ya sha maiƙo, ya sha ƙura. A saman k ɗin akwai wani ɗan ɗigo.

Aka aro gilashin wani mai gyaran agogo, aka kai kwalin ƙofar sito inda haske yake. Tela ya duba ya ce ƙugiya ce, har lanƙwasarta yana gani. Hedimasta ya duba ya ce kashin ƙuda ne, ya shekara talatin yana duba rubutun yara, ya san tawada ya san ƙuda. Don ya tabbatar, sai ya sa farce ya kankare. Ɗigon ya fita, amma ya fita da fatar kwalin da rabin k ɗin.

"Kun gani," in ji Hedimasta.

"Mun ga ka cinye shaida," in ji Tela.

Wani ya ce a kira Jagora a wayar 'yarsa. Aka yi masa kallon wanda ya saki iska a taro, ya koma ya zauna.

Larabar farko abin ya zo da sauƙi. Mutanen Tela suka zo cikin farare fes, sabbin ɗinki. Mutanen Hedimasta suka zo da alluna irin na 'yan makaranta rataye a wuya. Mutanen Direba kuwa suka liƙa takarda a ƙofofin gidajensu, ni na buga musu, cewa yau ba a karɓar kowa. Direba ya zo zaman yamma fuskarsa tana sheƙi. Ya ce surukansa sun yi ta buga ƙofa har suka gaji, shi kuwa yana ciki ya kalli wasan ƙwallo tun daga farko har ƙarshe, abin da rabonsa da yi tun kafin aure.

Daga nan allura ta fara tono garma. Wata mata mai sayar da kayan miya ta tambayi Tela matsayin baƙin shayi. Ya ce a zuba madara. Wani ya tambayi matsayin gashin kai, ya ce a rufe. Wani ya ce to kwalta fa? Tela ya ce a bi gefen titi. Laraba ta biyu na gan su daga shagona, mutum goma sha biyu a jere cikin farare, suna bin bakin kwata a hankali, wani dattijo ya sa farar safa a kan takalminsa. Da suka zo inda dole a tsallaka titi sai suka yi cirko-cirko, har wata mota ɗauke da siminti ta wuce ta zubar da kaɗan, suka bi ta kan farin layin ɗaya bayan ɗaya.

A ɓangaren Hedimasta kuma wasu suka ce in an ce a guji baki, to ai da baki ake cin abinci. Mutum biyar suka ware suka daina ci ranar Laraba, suka kuma daina zama kusa da masu ci. Wani ya rubuta a allonsa yana tambayar hukuncin hamma. Hedimasta ya cika allonsa da amsa, ya goge, ya sake cikawa, har allinsa ya ƙare. Ranar Alhamis ya rama bashin shirunsa, ya yi awa uku yana magana, mutum biyu suka sauya sheƙa zuwa wurin Tela a ranar.

Su Direba ma ba su tsira ba. Ɗaya daga cikinsu ya kira mai gyaran famfo tun Litinin, bai zo ba sai Laraba. Aka tsaya muhawara ta taga ko wanda ka kira da kanka baƙo ne, ruwa kuwa yana ta cika ɗakin.

Sito ya rabu uku, an ja layi da alli a ƙasa. Fankar ibada tana da baƙin kai, su Tela suka ɗinka mata farar riga, ta daina ba da iska. Su Hedimasta suka cire. Aka mayar. Daga ƙarshe aka yarda ta sa riga ranar Laraba kawai, a yi ibada cikin gumi.

Ni ce na ga ta kaina. Kowannensu sai ya biyo shagona shi kaɗai. Tela ya kawo mini farin mayafi ya ce ba don komai ba, amma in na tuna da ƙugiyar in faɗa. Hedimasta ya zo ya ce, "'Yar nan, ni na koya wa mijinki karatu, kada ki manta." Direba bai kawo komai ba, ya zauna a benci ya ce, "Sakatariya, ki dubi girman Allah. Sati biyu ke nan ina cin abincina ni kaɗai a kwanona. Kada ki mayar da ni gidan jiya."

Na je wurin Inna na ce mata zan yi murabus. Ta ce, "Ke ma kin so. Mutumin da ya rubuta mini jerin cefane na sayo gishiri a maimakon gyaɗa, shi za ki ɗauki rubutunsa ki yi littafi?"

Kawu ya dawo ranar Laraba, kwana biyu kafin ranar da aka sa rai. Ina tsaye a ƙofar sito wajen ƙarfe huɗu na hango shi ya sauko daga bas, da jaka a hannu, da wata doguwar baƙar kwat da 'yarsa ta saya masa. Yana tafe yana murmushi da sabbin haƙora, farare tas, sun ɗan fi ƙarfin bakinsa.

Su Tela ne suka fara ganinsa. Suka taso da murna, suka ga kwat ɗin, suka tsaya cak. Sannan suka juya suka bi bayan sito, da sauri iya yadda doka ta yarda. Su Hedimasta suka kewaye shi suna ɗaga alluna, amma gilashin karatunsa yana cikin jaka, bai ga abin da suka rubuta ba. Ya gaishe su, shiru. Ya sake gaishe su, Hedimasta ya nuna bakinsa ya girgiza kai.

"Kai ma cire maka aka yi?" Kawu ya tambaye shi.

Ya nufi ƙofa, sai ya tarar Direba ya rufe ta daga ciki.

"Wane ne?" in ji Direba.

"Ni ne."

"Jagora, sannu da hanya. Ka yi haƙuri, daga tafiya kake, kuma ba a sa ranka yau ba. Mun duba, ka cika sharuɗɗan baƙo. Gobe da sassafe za mu buɗe."

"Sitona ne fa."

"Mun sani, ranka ya daɗe. Umarninka muke bi."

Kawu ya dube ni. Na karɓi jakarsa na ce mu shiga gida ya sha ruwa tukuna. A falo na kwashe labari na gaya masa, Inna tana gefe tana tsintar shinkafa tana dariya har da hawaye. Shi bai yi dariya ba. Ya ce in nuna masa shafin. Ya sa gilashi ya karanta ya fi sau biyar, yana motsa sabbin haƙoran da harshe.

Ranar Alhamis sito ya cika har waje, har da maƙwabtan da a da suke mana dariya. Kawu ya zauna a kujerarsa gefen fanka. Hedimasta ya gabatar da matsalar cikin minti hamsin, sannan ya ce, "Jagora, ka raba mu. Baki, ko baƙi, ko kuwa baƙi?"

Kawu ya gyara murya. Haƙoran suna sa maganarsa fita da ɗan fito.

"Jama'a, jiya na yi ta tunani. Rubutuna ne, ban musa ba. Amma abin da nake nufi, wallahi na manta."



"Ka ƙara tunawa," in ji Tela.

"Na yi. Akwai wata Laraba da na taɓa baƙar wayar wuta ta ɗan ja ni, mai yiwuwa ita ce. Akwai kuma wata Laraba da ƙannen matata suka zo suka kwana huɗu. To kuma a lokacin haƙori yana damuna, ko magana ba na son yi. Duk zai iya zama. Ni a ganina a goge ta kawai, a bar hamsin da shida. Sun isa mutum."

Direba ya miƙe, idonsa ya kawo ruwa. "A goge? Jagora, ka san abin da ke jirana a gida in aka goge?"

Hedimasta ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya ce yana so jama'a su lura da wani abu. Maganganu hamsin da bakwai duk sun fito ne daga Jagora mai tsoffin haƙora. Wannan da ke zaune a gabansu da haƙoran kanti yake magana, ko muryar ba iri ɗaya ba ce. Saƙon da aka ba mutum yana da haƙoransa na asali, wa ya san ko ya bi su zuwa kwandon sharar asibiti? Tela ya ce shi ma tun jiya da ya ga kwat ɗin nan jikinsa ya ba shi. Direba ya ce bai so a kai ga haka ba, amma duk wanda ya ce a goge magana ta hamsin da bakwai ya fita daga hanya, ko da shi ya shimfiɗa ta.

Rabon da su ukun su yarda da abu ɗaya tun kafin littafin ya fito. Aka ce masu goyon bayan a dakatar da Jagora su ɗaga hannu. Hannu talatin da takwas. Masu adawa, ni da wata tsohuwa da ba ta ji sosai, wadda ta ɗauka shayi ake rabawa. Aka umarce ni in rubuta a matsayina na Sakatariya cewa an dakatar da Jagora daga Jama'ar Sassauci har sai ya tuna.

Kawu ya tambaya ko zai iya ɗaukar fankarsa. Aka ce ta zama kayan ibada. Ya sa hularsa ya fita.

Na bi shi ina tsoron abin da zan tarar. Na same shi a shago ya riga ya cire kwat, ya ɗora wata fankar tebur a cinya yana kwance mata kai.

"Kawu, ka yi haƙuri. Laifin injina ne."

"Miƙo mini sukudireba mai jan hannu," ya ce. Da na miƙa masa sai ya ƙara da cewa, "Kin san wahalar nemo sabuwar magana kullum? Wata rana sai in kai la'asar ba abin da ya zo mini. Ta talatin da biyu a jikin wata motar kaya na gani."

Haɗin kan bai kai Asabar ba. Aka fara rigimar wanda zai hau kujerar da ke gefen fanka, ana cikin haka Inna ta zo da kwaɗo ta ce siton mijinta ne, tunda sun kore shi su kwashe kujerunsu, tana da kajin da ke neman wuri. Su Tela suka koma barandar shagon ɗinkinsa. Su Direba suka koma garejin bas, sai dai surukansa sun gano dabarar, sun mayar da ziyararsu daren Talata su wayi gari a gidan, don wanda ya kwana ba baƙo ba ne. Hedimasta ya samu aron aji ɗaya a tsohuwar makarantarsa, shi ya tafi da fankar da yawancin mutane.

Kawu ya yi wata biyu yana gyaran fankokinsa lafiya lau. Amma da yamma ta yi sai ya rasa inda zai sa kansa. Ya saba da zaman, kuma a gida in ya zauna Inna takan samo masa aiki. Wata rana ya zo shagona ya ce in buga masa takardar neman shiga Jama'ar Sassauci, reshen Hedimasta, a matsayin ɗan jama'a kawai.

Kwamiti ya zauna a kan takardar sau biyu. Aka karɓe shi a kan gwaji na wata shida, da sharaɗin ya zauna a layin baya, kada kuma ya ba da ra'ayi a kan maganganun Jagora, tunda bai daɗe da shiga ba. Ya sa hannu.

Laraba kawai yake zuwa. Na tambaye shi dalili ya ce ran nan ne kaɗai Hedimasta ba ya magana. Yakan zauna kusa da taga, ya cire haƙoran ya sa a aljihu don suna matsa masa, ya yi awarsa guda cikin natsuwa. Watan jiya sun ba shi aikin jera kujeru, Hedimasta ya ce in ya ci gaba da nuna ladabi haka, baɗi za a duba yiwuwar ba shi ajiyar alli.